Alƙaluma ko Shugabanci: Wa Ya Cancanci Kofin Heisman?

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ya bambanta da namu. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta, a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, wanda kuma ya kai ƙwallo gidan abokan karawa ya sami maki 6. Jami'o'in ƙasar suna fafatawa a wannan wasa kowace shekara, kuma a watan Disamba a zaɓi ɗalibi guda a ba shi Kofin Heisman, watau lambar yabo mafi daraja ta gwarzon shekara. An fara ba da shi a 1935, Jay Berwanger na Jami'ar Shikago ne ya fara karɓa.

Masu zaɓen su ne 'yan jarida 870, da waɗanda suka taɓa cin kofin, da ƙuri'a guda ta 'yan kallo. Kowa zai rubuta sunaye uku: na farko maki 3, na biyu maki 2, na uku maki 1. To, a nan ne gardama take. Shin da me za a auna gwani? Da alƙaluman abin da ya yi a fili, ko kuwa da yadda ya ja ragamar 'yan'uwansa har suka yi nasara?

Masu goyon bayan alƙaluma suna cewa lissafi ba ya son kai. Alal misali, a 1988 Barry Sanders na Jami'ar Jihar Oklahoma ya yi gudun yadi 2,628 da ƙwallo a hannu, ya kuma kai ta gida sau 37 da gudu. Wannan ba ya bukatar dogon bayani, ko maƙiyinsa ya san ya cancanta.

Masu goyon bayan shugabanci kuwa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amfanin wasa shi ne ƙungiya ta ci. Sukan kawo misalin 2016. A shekarar Lamar Jackson na Louisville ya ci kofin, domin sau 51 ƙwallo ta shiga gida ta hannunsa, ko da jifa ko da gudu. Deshaun Watson na Clemson ya zo na biyu, alhali kuwa ƙungiyarsa ta doke ta Jackson da ci 42 da 36. Bayan wata guda da zaɓen, a Janairun 2017, Watson ya jagoranci Clemson ta doke Alabama ta zama zakarar ƙasa. Sai suka ce, to, wane ne gwarzon gaskiya?

Hujjarsu tana da ƙarfi, amma a ganina alƙaluma ne ya kamata su zama tushe. Dalilina na farko shi ne, kofin na mutum ɗaya ne, ita ƙungiya tana da nata kofin dabam. Idan aka ce sai wanda ƙungiyarsa ta fi cin wasa, an saka wa mutum da gumin wasu, an kuma hukunta wani saboda raunin abokan wasansa. A 1956 Paul Hornung na Notre Dame ya ci kofin ko da yake ƙungiyarsa wasa 2 kawai ta ci, aka cinye ta 8. A 2023 ma Jayden Daniels ya ci, duk da an doke ƙungiyarsa sau 3.

Dalili na biyu, shugabanci abu ne da ake yi a ɗakin sauya kaya da filin atisaye, inda masu zaɓe ba sa gani. Ɗan jaridar da ke nesa ba shi da abin dogaro sai labarin da aka ba shi, labari kuwa yakan ƙaru a hanya. Sau da yawa abin da ake kira shugabanci farin jini ne kawai na mai jefa ƙwallo a babbar jami'a.

Amma fa kada a ɗauka alƙaluma ba su da aibi. Wanda ya tara yadi a kan raunanan ƙungiyoyi bai kai wanda ya tara kaɗan a kan ƙarfafa ba. Bugu da ƙari, akwai ƙartin da ke tsaye a tsakiyar sahun gaba suna tare abokan karawa don mai gudu ya wuce. Aikinsu ba ya shiga lissafin yadi, shi ya sa har yau babu ɗayansu da ya taɓa cin kofin. Masu tsaron gida ma da ƙyar ake tunawa da su, sai irin su Charles Woodson na Michigan, wanda ya sha gaban Peyton Manning a 1997. Saboda haka wajibi ne mai zaɓe ya tambayi kansa: a kan wa aka tara waɗannan alƙaluma, kuma a wane matsayi?

A ƙarshe, shawarata ita ce a fara da abin da kowa ya gani da idonsa, a auna shi da hankali. Idan mutum biyu suka yi kunnen doki, sai a duba hali da shugabanci a raba gardama. 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wannan tambaya takan taso ko a ranar ba da kyaututtuka ta makaranta. Kyautar da aka bayar bisa hujja bayyananniya ita ce wadda wanda bai samu ba zai karɓa da zuciya ɗaya, ya ƙara ƙwazo baɗi.