Matsa da Matso: Darasi Daga Bakin Tafki

Ni Kanuri ne harshena na farko, kuma bambancin matsa da matso a Doron Baga na fara gane shi, tun kafin in zo Jami'ar Maiduguri.

Kawuna yana da kwalekwale mai injin Yamaha. A gindin injin akwai ƙusa da jerin huji. Idan aka kai ƙusar hujin nesa, kan jirgi sai ya ɗaga. Wata rana mun ɗauko buhunan banda, ya ce, "Yaro, matso da ƙusar nan." Ni kuwa na matsa da ita waje. Da muka tashi sai farfela ta riƙa fitowa sama, kafar da injin ke shan ruwa ta soma shan iska, ruwan da yake tsartuwa ya tsaya, injin ya ɗau zafi. Robar famfon ta ƙone, da filafili muka koma gaɓa.

A aji ne na ji sunan abin: giredi na 6 a rabon Parsons na 1960, wato aikatau mai ƙarewa da -o, mai nuna aiki ya nufo mai magana, kamar kawo, jawo, fito. Kawu yana cikin jirgi, wajensa yake nufi.