GWAJIN JINI NA PSA: ABIN DA YA KAMATA MAGIDANCI YA SANI

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullun nama mai girman goro, wanda ya kewaye bututun fitsari. Likitoci suna kiransa furostet. Sankarar wannan wuri ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya, kuma takan daɗe a jiki ba tare da ta nuna alama ba.

Furostet yana fitar da wani sinadari da ake kira PSA. Aikinsa shi ne yanka sinadaran da ke sa maniyyi kauri, ya tsinka shi domin ƙwayoyin haihuwa su sami hanyar tafiya. Ɗan kaɗan daga cikinsa yakan zurara cikin jini. Idan furostet ya sami matsala, abin da ke zurara sai ya ƙaru. Masana a birnin Buffalo na Amurka suka tace shi a 1979, kuma a 1986 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da gwajinsa.

Yawansa a jini bai taka kara ya karya ba. Da nanogiram ake auna shi, watau kashi ɗaya cikin miliyan dubu na giram. To, yaya ake gane abin da ido ba ya gani?

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ELISA, wadda aka ƙago a Siwidin a 1971. Kayan gwajin suna zuwa cikin kwali, da faranti mai ƙananan ramuka 96. An shafe kowane rami da wani sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama kome sai PSA, kamar yadda kowane kwado yake da mabuɗinsa. Ma'aikacin ɗakin gwaji yakan ɗiga ruwan jinin mutum a ramin, ya jira, sa'an nan ya wanke. Abin da ya maƙale shi ne PSA. Sai ya ƙara sinadari na biyu mai sa launi ya fito. Gwargwadon yawan PSA, gwargwadon turar launin. Na'ura ce ke karanta shi, ta gwada da ramukan da aka riga aka san ma'auninsu.

Waɗannan kaya ba sa jure zafi. Wajibi ne a ajiye su a firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya inda lantarki ba ya zama. Kayan kamfanoni kuma sukan ɗan saɓa wa juna, saboda haka mai maimaita gwaji gara ya koma inda ya yi na farko.

An saba ɗaukar nanogiram 4 a kowace mililita a matsayin iyaka. Amma fa wuce 4 ba hukuncin sankara ba ne. Kumburin furostet na tsufa yana ɗaga shi, haka ciwon sanyin mafitsara, da sa robar fitsari. Manomin citta da ya tuƙo keke daga nesa zuwa Kwoi ko Kachia ma yana iya ganin nasa ya ɗan hau. Don haka a huta da keke da saduwar aure kwana biyu kafin a ba da jini. Mai shan maganin finasteride lalle ya gaya wa likita, domin yakan rage PSA da kusan rabi. Akwai kuma masu sankara da nasu bai kai 4 ba.

Namijin da ya kai shekara 45 ya kamata ya tattauna da likita a kan gwajin, musamman wanda cutar ta taɓa kama mahaifinsa ko ɗan'uwansa. Mai fama da tsaikon fitsari, ko jini a ciki, ko yawan tashi da dare, kada ya jira shekaru. Mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa su fara da asibiti mafi kusa. Idan sakamako ya yi sama, likita zai duba furostet da yatsa, ya sake gwaji, in da hali ya tura mutum asibitin koyarwa na Jos, ko na Barau Dikko a Kaduna, ko na Shika a Zariya, inda za a tsakuri naman a duba, domin wannan ne ke tabbatar da cutar.