Maƙwabcina Ya Ci Mini Iyaka

Tambaya: Maƙwabcina ya ta da katanga, ya shigo filina taku biyu. In rushe ta?

Amsa: Malam, kada ka taɓa ko bulo ɗaya. Kana rushewa, kai mai gaskiya ka zama mai ɓarna a gaban alƙali. Lalubo takardar ciniki da shaidunta, ka tafi wajen mai unguwa. Sau da yawa ya san inda aka kafa turakun farko. In filin na da takardar mallaka, safiyo zai auna, ya tono simintin iyaka da ƙasa ta binne. Amma yi magana tun ginin bai kai linta ba, don dogon shiru kan raunana da'awa a kotu. Wataƙila ma birkila ne ya karkatar da igiya.