Kwana Bakwai a Kan Kilimanjaro: Shawara ga Mai Niyyar Hawa

Kalmar farko da za ka koya a ƙofar Machame, inda za ka fara hawa, ita ce "pole pole", wato sannu a hankali da harshen Suwahili. Jagororin da ke hawa da baƙi Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ba sa gajiya da maimaita ta. Tsayin dutsen mita 5,895 ne, babu kamarsa a Afirka, amma da ƙafa ake zuwa, ba igiya ba tsani. Ƙarancin iska ne ke mayar da mutane baya, kuma ba ruwansa da ƙarfin ƙirjin saurayi. Don haka in an ba ka zaɓi tsakanin kwana shida da bakwai, ɗauki bakwai. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka nufi lokacin da ruwan sama ya ɗauke, Janairu da Fabrairu, ko Yuni zuwa Oktoba. Mai tasowa daga Nijeriya ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Doka ba ta yarda kowa ya hau ba tare da jagora mai lasisi ba, kuma yawanci a garin Moshi ko Arusha ake ƙulla wannan. Tun a can za ka faɗa musu naman halal kake ci.

Ranakun kusan duk iri ɗaya ne. Gari na wayewa wani zai taɓa tantinka da kofin shayi, a ajiye maka ruwan ɗumi a 'yar roba. Iyakar wankanka ke nan har ka sauko. Ka sha kunu, ka ci burodi da ƙwai ko da ranka ba ya so, domin hawa sama yana kashe marmarin abinci. 'Yan dako za su ɗauki babbar jakarka, kai kuma ka goya ƙarama: ruwa lita uku, rigar ruwa, hular sanyi, tocila da dabino. Ba a barin gorar roba irin ta sha-ka-yar, sai ka tanadi mai ƙwari. Kada ka zo da sabon takalmi fil. Ka yi makonni kana yawo da shi a gida, in ba haka ba bororo zai cinye maka duga-dugai tun rana ta biyu.

Ranar farko cikin kurmi mai laima za ka wuni, daga wajen mita 1,800 zuwa 3,000. Rana ta uku ce ke gwada mutum. Za a hau da kai Lava Tower, kimanin mita 4,600, ka ci abincin rana, sannan a gangaro da kai Barranco ka kwana a wajen 3,900. Da gangan ake yin haka, don jiki ya ɗanɗana sama sannan ya huta a ƙasa. A nan ciwon kai kan fara.

Maganar salla, ka zauna da malaminka kafin tafiya kan kasaru da haɗa salloli da taimama, domin ruwan can sama kamar reza yake a fata. Ka kuma lura, mu da muka saba cewa "gabas", a Kilimanjaro alƙibla arewa take.

Daren ƙarshe kafin a kai ƙololuwa a sansanin Barafu ake yinsa, sunan ma ƙanƙara yake nufi. Wajen sha ɗayan dare za a tashe ka, sha biyu a kama hanya. Ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka a hasken tocila, ba ka jin komai sai numfashinka da ƙarar tsakuwa. Ka sa gorar ruwanka cikin safa, ka kifa ta, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Da hudowar rana za ka isa Stella Point, mita 5,756, daga nan kamar sa'a guda zuwa ƙololuwar Uhuru.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: kada ka ɓoye wa jagora halin da kake ciki. Ciwon kai da ya ƙi jin magani, amai, tangaɗi wajen tafiya, ko haki alhali kana zaune, duk maganinsu ɗaya ne, a sauka nan take. Kuɗin da ka kashe ba su kai ranka ba.

In kun sauko ƙofar Mweka, ka tuna da waɗanda suka riƙa wuce ka kullum da kilo 20 a ka, suka kafa tanti kafin ka iso. Ka san sunayensu tun ranar farko, ka miƙa wa kowa ihsaninsa hannu da hannu, ka ce masa "asante sana", wato na gode sosai.