Wace Tukunya Ta Dace Da Mai Dafa Zoɓon Sayarwa?

Tambayar wannan makon daga wata baiwar Allah ce mai sana'ar zoɓo da kunun zaƙi a gida. Ciniki ya buɗe, tukunyarta ta yi mata kaɗan, jarin kuma bai taka kara ya karya ba. Tana son sanin wadda za ta saya.

Hajiya, kafin ki tambayi farashi, ki fara tambayar ƙarfen. Zoɓo abu ne mai tsami sosai, haka tsamiya da lemon tsami, kuma tsami idan ya haɗu da zafi yana cin jikin wasu ƙarafa, abin da ya ci kuwa cikin abin shan yake zama.

Wadda ta fi damuna ita ce tukunyar zubi, wadda ake narka tarkacen alminiyum a zuba. Tana da araha da ƙarko, shi ya sa kowane gidan biki ke da ita. Amma tarkacen nan ya haɗa da kayan injin mota da sauran abin da aka tsinto, wani da dalma a jikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa dalma na fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. Mu kuwa ba sai an gaya mana illar gubar dalma ba, mun ga yadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinare ta fito, yawanta kuma ya fi na tukunya nesa ba kusa ba, sai dai dalma taruwa take yi a jiki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba. Ki tuna su wa suka fi sayen zoɓonki: 'yan makaranta.

Bokitin ƙarfe mai shafen zinki da gangar da aka yanka, wadda ba ki san abin da ta taɓa ɗauka ba, su ma ki yi nesa da su.

Abin da ya dace shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira sitenles. Ki kifa tukunyar ki duba gindinta. Idan an buga 304 ko 18/8, kin dace, wannan yana jure tsami sosai. Mai lamba 201 ta fi sauƙin kuɗi kuma za ta yi aiki, amma tana saurin yin ɗigo-ɗigon tsatsa idan aka bar abu mai tsami ko gishiri ya kwana a ciki. Wasu masu shago za su manna maganaɗisu su ce tunda bai kama ba mai kyau ce. Kada wannan ya ruɗe ki, 201 ma ba ta kama shi.

Girma kuma, ki ƙara kusan rabi a kan abin da kike dafawa. Mai cika jarka mai lita 20 ta nemi tukunya mai lita 30, domin ganyen zoɓo yana cin wuri, tafasa kuma tana tasowa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato kilo 20 na tafasasshen ruwa ne zai rataya a hannuwan tukunyar. Ki girgiza su da ƙarfi a shago. Waɗanda aka ɗaure da ƙusa mai kauri sun fi kwantar mini da hankali a kan waɗanda aka ɗan ɗiga wa walda. Ki danna gindin da babban yatsa, idan ya lotsa ki ajiye ta.

Famfo a jiki yana sauƙaƙa ɗurawa a gora, amma yana ƙara kuɗi, kuma ta nan yoyo ke farawa. Moɗa da rariya sun wadatar a yanzu.

Ga inda za ki rage kashe kuɗi. Kunun zaƙi yawanci tafasasshen ruwa ake sheƙawa a kan gasara, saboda haka tukunyar alminiyum ta kamfani, ba ta zubi ba, ta isa ta tafasa ruwa zalla. Sitenles ɗaya tak kike buƙata, ki keɓe ta ga zoɓo da duk abin da tsamiya ta shiga. Ta hannu ma ba laifi, in dai kin cika ta da ruwa kin ga ba ta yoyo, cikinta kuma babu ƙananan ramuka.

Idan kin saya, ki wanke da sabulu da soso mai laushi, ki kife ta bushe. Kada ki jiƙa ta da ruwan bilic, yana huda sitenles. Zoɓon kuma ki tace shi da zarar ya huce, kada ya kwana a tukunya.