Ziyartar Makwancin Mazan Jiya da Gyara Shi

1.0 Gabatarwa

Mazan jiya su ne jarumawan da suka yi yaƙi domin kare ƙasa ko addini. Wannan darasi zai dubi yadda malamin Hausa zai jagoranci ɗalibansa zuwa makwancinsu, domin kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne kawai. Idan damina ta baje shi, dattawan da suka san mai shi kuma suka ƙare, tarihi ya salwanta ke nan.

2.0 Misali Daga Burmi

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da dubban jama'a. A Burmi, kusa da Bajoga ta Jihar Gombe ta yanzu, aka gwabza yaƙin ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. Attahiru ya yi shahada tare da mutanensa fiye da 600, aka kuma kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan. An san kabarin Attahiru da na Marsh, amma mafi yawan waɗanda suka kwanta dama a ranar ba a san sunayensu ba. Wannan shi ne giɓin da ake son ɗalibai su lura da shi.

3.0 Aiki a Gida

Ba lalle ba ne sai an je Burmi. Ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram sun san darajar zanen dutse na Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Tsofaffin maƙabartun garuruwansu ma taskar tarihi ce, don haka sai su bincika ko akwai sojojin da suka je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu (1939–1945), ko waɗanda suka yi Yaƙin Basasa (1967–1970), da ke kwance a ciki. Matakan aikin su ne:

i. Neman izinin dagaci da limami da iyalan mamatan.

ii. Kiyaye ladubban ziyara: yin sallama da addu'a, da guje wa taka kabari ko zama a kansa.

iii. Yin gyara da rani, kafin saukar damina: nome ciyawa, cike kaburburan da suka rufta, fitar da hanyar ruwa, da kafa shinge saboda dabbobi.

iv. Adana sunaye. Malaman Malikiyya sun karhanta yin gini ko rubutu a kan kabari, saboda haka sai a zana taswirar wurin, a sa wa kowane kabari lamba a cikinta, a rubuta sunaye a littafi.

4.0 Amfanin Ziyarar ga Darasin Hausa

Hira da dattawa kan samar da kirari da waƙoƙin yaƙi da labarai, waɗanda duk adabin baka ne. Haka kuma ɗalibai za su tsinci kalmomin aro da aikin soja ya shigo da su daga Ingilishi, kamar soja, kofur, saje, samanja, kyaftin da bariki.

5.0 Kammalawa

An ga cewa gyaran makwancin mazan jiya bai tsaya ga fartanya da shebur ba, har da alƙalami. Shinge kan kare kabari, rubutu kuwa shi ke kare sunan mai shi.

Auna Fahimta

1. Kawo matakai huɗu na gyaran tsohuwar maƙabarta.

2. Nemo kalmomin aro guda goma da suka shafi aikin soja, tare da asalinsu.