Ƙurajen al'aura: ƙofar da sida ke bi

Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu. Samarin Gazawa da Agiye da Gidan Runji suna haramar tafiya cin rani, wasu Kano, wasu Katsina, wasu Agadas. Kafin su kama hanya, muna da magana. Ta kunya ce, amma dole mu yi ta.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira erfes. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa. Tana fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa a al'aurar namiji ko mace. Su fashe, su yi zafi, bayan kwanaki su bushe. Sai mutum ya ce ya warke. Bai warke ba. Ƙwayar tana kwance a jijiya har ƙarshen rai, tana tasowa lokaci-lokaci. Da yawa ma ba su san suna ɗauke da ita ba.

Ina haɗinta da sida, wadda aka fara ganowa a Nijar a 1987? Kowane manomi ya san aikin danga. In ta ɓalle, akuya ba ta neman izini. Fatar mutum danga ce, gyambon erfes kuwa kafa ce. Bayan haka, sojojin jini sukan taru a wurin gyambon don yaƙar erfes, alhali su ne ƙwayar sida ke nema ta kama. Ko gyambo ya bushe, suna nan makonni ba su watse ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai erfes ya fi wanda ba ya da ita haɗarin kamuwa da sida kusan sau 3.

Akwai magani, asikulobir, mai rage zafi da gaggauta bushewar ƙuraje. Amma kada mu ruɗi kanmu: a 2008 binciken da aka yi kan mata a Tanzaniya ya nuna shan sa ba ya hana ɗaukar sida.

To, wanda ya ga ƙuraje ya dakata da saduwa har su warke sarai. Kada ya barbaɗa toka ko garin kafso na ƴan tebur. Ya tafi likita tare da iyalinsa, su nemi awon jini. Kororon roba yana rage haɗari ƙwarai. Mai ciki kuma ta faɗa wa ungozomar likita tun wajen awo, domin erfes kan kama jariri lokacin haihuwa.